Siminti, Rodi da Iskar Kabon: Tambayoyin da Ake Yi a Katsina da Amsoshinsu

Katsina na cikin gini. Sababbin unguwanni na ta tasowa a bayan ganuwa, aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya ratso ta Daura da Katsina ya nufi Jibiya, kuma da wuya ka shiga gari ba ka ji ƙarar injin buga bulo ba. Duk wannan aiki siminti yake ci da rodi, su kuwa waɗannan biyun suna sahun gaba cikin kayan da sarrafa su ke cika sama da iskar kabon mai ɗumama duniya. Ga tambayoyin da magina da ɗalibai da 'yan kasuwar kayan gini suka fi yi a kan wannan batu.

Waɗanne masana'antu ake magana a kai, kuma hayaƙin nasu ya kai nawa?

Masana'antun siminti da na ƙarfe da na takin zamani da na alminiyam da na gilashi, wato waɗanda aikinsu ba ya yiwuwa sai da wuta mai tsananin zafi. Duniya na sarrafa siminti wajen tan biliyan 4 a shekara, ƙarfe kuma kusan tan biliyan 1.9, fiye da rabinsa a ƙasar Sin. Siminti da ƙarfe kowannensu na fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke sakewa.

A ma'aunin da muka sani, buhun siminti mai kilo 50 ya bar kusan kilo 30 na wannan iska a sama kafin ya iso shagon da ka saye shi. Kuma ba baƙin hayaƙin da ido ke gani ake nufi ba, ba kuma ƙurar da ke sauka kan rufin gidajen da ke maƙwabtaka da kamfani ba. Iskar kabon ba ta da launi, ba ta da wari. Bututun kamfani zai iya zama fes a ido alhali tana fita tan-tan.

Tunda ga rana a wadace, me ya hana a haɗa musu sola a huta?

Abu biyu ne. Na farko zafi. Tanderun siminti wani dogon bututu ne na ƙarfe da ke kwance yana juyawa a hankali, cikinsa na kaiwa digiri 1,450. Samar da wannan zafi da lantarki, dare da rana ba yankewa, abu ne da har yanzu ake gwajinsa.

Na biyu ya fi wuya, kuma shi ne mutane da yawa ba su sani ba. Ana yin siminti da wani dutse da ake kira laimiston, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gwambe da Obajana ta Kogi. Wannan dutse iskar kabon na ɗaure a jikinsa tun asali. Idan aka gasa shi sai ya sake ta: kowane tan ɗaya na dutsen na fitar da kusan kilo 440. Abin da ya rage ya haɗu da yumɓu ya zama wasu baƙaƙen dunƙule-dunƙule da ake kira kilinka, su ake niƙawa da ɗan wani farin ma'adini da ake kira jifsam a samu siminti. Wajen kashi 60 cikin 100 na hayaƙin siminti daga dutsen kansa yake fitowa, sauran kashi 40 ne na kwal ko gas da aka hura wutar da shi. Ko da hasken rana ka gasa dutsen, kashi 60 ɗin nan na nan daram.

Ƙarfe ma haka. Tama ƙarfe ce da ta haɗe da iskar oksijin, kuma aikin kwal a tanderu bai tsaya ga ba da zafi ba, shi ke ƙwace oksijin ɗin daga jikin tama ya fita da ita a matsayin iskar kabon. Don haka sai an nemo abin da zai yi wannan aikin a madadinsa.

An ce farar ƙasar Ƙanƙara na da alaƙa da wannan magana. Ta yaya?

Ƙwarai kuwa, kuma a ganina babu fasahar da ta shafe mu kai tsaye kamar wannan. Tunda kilinka ce tushen matsalar, hanya mafi sauƙi ita ce a rage yawanta a cikin buhu, a cike gurbin da wani abu da zai yi ƙarfi idan ya sha ruwa. Turai ta daɗe tana yin haka da tokar tashoshin wutar kwal da kashin tanderun ƙarfe, amma mu ba mu da waɗannan da yawa, su ma can suna ƙarewa.

Sai masu bincike na jami'ar fasaha ta Lozan da ke Suwizalan, tare da takwarorinsu na Kuba da Indiya, suka fito da haɗin da ake kira LC3. Ga yadda yake: kilinka kashi 50, gasasshen yumɓu kashi 30, ɗanyen garin laimiston kashi 15, jifsam kashi 5. Yumɓun da ake buƙata shi ne mai sinadarin kawolin, wato dangin farar ƙasar da muke da ita a Ƙanƙara, wadda masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka daɗe suna gwaje-gwaje da ita. Ana gasa shi a digiri 800 kacal, kuma ba ya sakin iskar kabon daga jikinsa, tururin ruwa ne ke fita. Sakamakon shi ne hayaƙi ya ragu da kashi 30 zuwa 40 cikin 100.

Wani abin daɗi, ba tatacciyar farar ƙasa mai tsada ake nema ba, irin wadda ake kai wa masu fenti da tangaran. Yumɓun da kawolin ɗin cikinsa ya kai kashi 40 ya isa, ko da ja ne, ko da wanda mahaƙa ke turewa gefe ne suna cewa ba shi da kasuwa.

Maganar ta wuce ɗakin gwaji. Ana sarrafa irin wannan siminti a Kolombiya da Kwaddibuwa, kuma an gina babbar masana'antar gasa yumɓu a Tema ta ƙasar Gana. Gana ba ta da wadataccen laimiston, da kuɗin waje take sayo kilinka, shi ya sa ta yi saurin kamawa. Mu a Nijeriya muna da dutsen, don haka abin bai matse kamfanoninmu haka ba. Amma kowane buhun simintin da ake gini da shi a Katsina sai da tirela ta sha man dizal daga nesa, irin su Sakkwato ko Gwambe ko Kogi, ta kawo shi. Da za a kafa wurin gasa yumɓu da niƙa a jihar nan, yumɓun da ke kashi 30 na nauyin kayan ba sai an ɗauko shi daga nesa ba. Ina jin takaicin ganin ma'adinin da Allah Ya ajiye mana yana fita ɗanye a bayan mota, a sarrafa shi wani wuri a dawo mana da shi da tsada. Sai dai gaskiya ɗaya ce: babu mai zuba jarin biliyoyi a yankin da manomi ma ke fargabar zuwa gonarsa. Maganar ma'adinin Ƙanƙara da maganar tsaron Ƙanƙara ba sa rabuwa.

Malam, ni birkila ne. Simintin da aka raba da ƙasa zai riƙe gini kuwa?

Zai riƙe, Malam. Yumɓun da aka gasa ya tashi daga ƙasar da ka sani. Yana haɗuwa da sinadaran da kilinka ke saki bayan an kwaɓa, su toshe ƙananan ƙofofin cikin kankare. A kwana biyu ko uku na farko yakan ɗan yi jinkirin kamawa, amma kafin kwana 28, lokacin da injiniyoyi ke auna ƙarfin kankare, ya kamo na gargajiya. Wajen kare rodi daga tsatsar gishiri ma ya fi shi.

Abu biyu za ka lura da su. Launinsa na iya sirkawa da ja idan yumɓun na da sinadarin ƙarfe a jikinsa, wannan ba aibi ba ne. Sannan kwaɓinsa ya fi kauri, sai hannu ya so ƙara ruwa, kuma yawan ruwa shi ke kashe kankare. Ka sani kuma yawancin simintin buhu da kake aiki da shi yanzu ma ba zallar kilinka ba ne, an riga an gauraya shi da garin laimiston bisa ƙa'idar hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa. Lambar 32.5 ko 42.5 da ke jikin buhu ita ke gaya maka ƙarfinsa, ita za ka duba.

Idan an bar kwal, da me za a hura tanderun?

Da abin da ake zubarwa: ɓuntun shinkafa, ɓawon kwakwar manja, garin katako, tsofaffin tayoyi. Manyan kamfanonin simintin ƙasar nan sun riga sun fara. A zafin tanderu taya kan ƙone ƙurmus, tokarta ta shige cikin kilinka, saɓanin yadda ake babbaka da ita a fili unguwa ta turnuƙe. Ga masu injin casar shinkafa, tulin ɓuntun da ke bayan kamfani haja ce.

Akwai kuma sabuwar dabara ta ajiye zafi. Ana jera tubalan da ke jure wuta a cikin rufaffen ɗaki, a zafafa su da lantarkin sola da rana har su haura digiri 1,000, da dare a hura iska ta cikinsu a kwashi zafin. Wannan bai kai ga gasa kilinka ba tukuna, amma ya isa ga masana'antun da tururi suke buƙata, irin na mai da masaƙa da abinci.

Gaskiya ne ana kama hayaƙin a binne shi a ƙasa?

Gaskiya ne. Ana bi da hayaƙin ta cikin wani ruwan sinadari da ke riƙe iskar kabon, a ɗumama ruwan ya sake ta, a matse ta ta zama ruwa-ruwa, a tura ta cikin duwatsu masu ƙofofi can ƙarƙashin ƙasa. Norwe na yin haka a rijiyar gas ta Sleipner tun 1996. A watan Yunin 2025 aka buɗe na farko irinsa a babbar masana'antar siminti, a garin Brevik na ƙasar, wanda aka tsara ya kama tan 400,000 a shekara, kusan rabin abin da masana'antar ke fitarwa. Jiragen ruwa ke ɗaukar iskar, a tura ta nisan mita 2,600 a ƙarƙashin ƙasan teku. A Abu Dabi kuma tun 2016 ake kama ta daga wani kamfanin ƙarfe, sai dai can rijiyoyin mai ake tura ta don a ƙara tatso ɗanyen mai, abin da ya sa wasu ke cewa an ba da dama an karɓe da hagu.

Tsadarsa ba ta wasa ba ce, kuma gwamnatin Norwe ce ta ɗauki mafi yawan kuɗin Brevik. Wannan fasaha ba ta ƙara maka buhu ko ɗaya, kuɗi kawai take ci. A ƙasarmu inda za ta fi yiwuwa shi ne yankin Neja Delta mai tsofaffin rijiyoyin mai. Yawancin ƙasar Katsina kuwa a kan dutse mai tauri take zaune, wanda bai dace da wannan ajiya ba.

Mene ne ƙarfen haidirojin da ake ta yayatawa?

Kakannin maƙeranmu sun san rabin amsar. Sukan gina murhun yumɓu, su jera tama da gawayi hawa-hawa, iska na shiga ta ƙasa, har gawayin ya janye oksijin daga tama. Ƙarfen ba ya narkewa ya zama ruwa, dunƙule yake fitowa mai ƙofofi, a kai shi maƙera a yi ta dukansa har dattin ya fita. Sabuwar hanyar ma ba ta narkar da tama a matakin farko. Bambancin shi ne a maimakon gawayi ko kwal, iskar haidirojin, wadda ake cirowa daga ruwa ko gas, ake hurawa da zafinta. Ita ma tana ƙwace oksijin, amma abin da ke fita ta bututu tururin ruwa ne. Daga nan sai a narkar da dunƙulen a tanderun lantarki.

Kamfanoni uku na Suwidin, SSAB da LKAB da Vattenfall, suka haɗa kai a 2016 a shirin da suka kira HYBRIT. Sun buɗe masana'antar gwaji a garin Luleå na ƙasar a 2020, a 2021 suka miƙa wa kamfanin motoci na Volvo ƙarfen farko. A Afirka ma Namibiya ta buɗe ƙaramar masana'antar Oshivela a 2025, da hasken rana take aiki.

Amma tafiyar ba ta miƙe ba. A 2025 kamfanin ArcelorMittal ya fasa irin wannan aiki a masana'antunsa biyu na Jamus, duk da tallafin Yuro biliyan 1.3 da aka ware masa, saboda tsadar lantarki da ta haidirojin. Idan Jamus ta ji nauyin kayan, bai kamata kowa ya zo ya ce mana gobe za a fara a nan ba.

To ina Nijeriya take a cikin wannan, mu da Ajakuta ma ba ta tashi ba?

Tarihinmu na da abin mamaki a nan. Masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, wadda aka fara da Tarayyar Sobiyet a 1979, an tsara ta a kan tsohuwar hanya ta babban tanderun kwal, kuma ba a taɓa hura shi ba. Amma kamfanin ƙarfe na Aladja da ke Delta, wanda aka buɗe a 1982, da iskar gas yake janye oksijin daga tama, wato irin tanderun da duniya ke komawa gare shi yanzu, domin shi ne ake iya juyawa zuwa haidirojin sannu a hankali. Daga Aladja aka tsara a riƙa kawo sandunan ƙarfe zuwa kamfanonin mulmula ƙarafa uku, na Jos da Oshogbo da namu na Katsina, wanda Japanawa suka gina, kowanne da ƙarfin tan 210,000 a shekara. Da Aladja ta durƙushe sai ukun suka rasa abin mulmulawa. Daga baya, a tsakiyar shekarun 2000, aka sayar da na Katsina ga kamfanin Dana.

Ga ƙididdigar da ta nuna bambancin hanyoyin. Tan ɗaya na ƙarfe ta babban tanderun kwal na fitar da iskar kabon kusan tan 2.3. Ta hanyar gas, kusan tan 1.4. Ta narkar da tsohon ƙarfe a tanderun lantarki, kusan tan 0.7. Duk wanda zai zuba sabon kuɗi a harkar ƙarfe a ƙasar nan ya dubi waɗannan lambobi da kyau, domin tanderun da aka gina yau zai yi shekara 40 yana aiki. Idan bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 ya fara aiki sosai, hanya ta biyu ta matso kusa da Arewa.

Ga injinan iska na Lambar Rimi, ga rana. Ba za mu iya yin haidirojin ɗinmu ba?

Mu yi lissafi da yunit ɗin da muke saye a mita. Ana samun haidirojin ta hanyar raba ruwa da lantarki. Kilo ɗaya na cin yunit 50 zuwa 55 da tataccen ruwa aƙalla lita 9, kuma tan ɗaya na ƙarfe na buƙatar haidirojin fiye da kilo 50. Tashar lantarkin iska ta Lambar Rimi da ke jihar nan mai injina 37 megawat 10 ce. Ko da a ce dukkansu na juyawa da cikakken ƙarfi awa 24, abin da iska ba ta taɓa bayarwa, yunit 240,000 za su ba da a yini, wanda bai isa ƙarfe tan 100 ba. Kamfanin mulmula ƙarafa na Katsina kuwa an gina shi ya ci fiye da tan 500 kullum.

Rana muna da ita fiye da Suwidin nesa ba kusa ba, kuma farashin faifan sola ya faɗi ƙwarai. Amma ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar, duk sabuwar wutar da aka samu asibiti da famfon ruwa da mai walda sun fi haidirojin cancantar ta.

'Yan gwangwan da 'yan jari bola na da gurbi a wannan harka?

Su ne ma suka riga kowa shiga. Yaron da ke tura baro yana bin layi-layi yana sayen ruɓaɓɓen kwano da tsohon gado, a ɗora a sikeli, a cika tirela a kai kamfanin narkarwa, shi ke ciyar da hanyar nan ta uku mai ƙarancin hayaƙi. Mafi yawan rodin da ake yi a cikin gida daga hannunsu ya fito, kuma doka ta hana fitar da tsohon ƙarfe waje.

Gyaran da ake buƙata a fili yake. A riƙa ware jan ƙarfe, domin idan ya shiga narki yana rage ingancin ƙarfen kuma fitar da shi wuya ne. A daina ƙona wayoyi a fili yara na shaƙar hayaƙin. Kuma ƙungiyoyinsu su tsaya tsayin daka kan ƙin sayen kayan sata, don wayar wuta da murfin kwalbati da ake ɓallewa su ke zubar wa sana'ar mutunci.

Takin zamani fa?

Shi ma daga haidirojin ake fara shi, a yanzu ana ciro ta daga gas, kamar yadda ake yi a masana'antar Dangote ta Lekki mai ƙarfin tan miliyan 3 na yuriya a shekara da ta Indorama a Eleme. Ana iya maye ta da wadda aka samu daga ruwa, amma tsadar za ta sauka kan manomin Funtuwa da Bakori. A gona, binne yuriya a gindin shuka maimakon watsa ta a sama na rage asarar taki da gurɓata iska a lokaci guda.

Su suka ɓata sama, don me za a ce mu ne za mu takura?

Wannan ƙorafi na kan gaskiya. Afirka gaba ɗayanta ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba, amma mu ke ganin hamada na matsowa, mu ke ganin damina ta rikice, wata shekara fari, wata shekara ruwa kamar da bakin ƙwarya irin wanda ya ci rayuka a Jibiya a 2018. Babu mai hurumin ce wa Bakatsine kada ya gina makaranta ko gada. Ƙasashen da suka yi arziki da kwal su ya kamata su ɗauki nauyin fasahohi masu tsada.

Sai dai kasuwa ba ta jiran a gama shari'a. Daga Janairun 2026 Tarayyar Turai ta shiga matakin cajin kuɗin kabon a kan siminti da ƙarfe da alminiyam da taki da ake shigar mata da su, gwargwadon hayaƙin da aka fitar wajen yin su. Nijeriya ma ta ɗau alkawari da bakinta: marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 cewa nan da 2060 iskar kabon da ƙasar ke fitarwa ba za ta wuce wadda ake janyewa daga sama ba, ya kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan Nuwamban shekarar. Kuma yumɓu da ɓuntu da tsohon ƙarfe ba takura ba ne, kuɗin kwal da na jigila suke ragewa.

Ni da nake shirin gina gidana bana, me zan iya yi?

Ka nemi injiniya ya lissafa maka ginshiƙi da dakali, domin yawan rodi da kankare ba bisa lissafi ba asarar kuɗi ce. Ka tsaya a kan ban-ruwan bulo da kankare na aƙalla mako guda, musamman da bazara da lokacin hunturu da iska ke busar da su tun ba su kama ba. Bulon da bai sha ruwa ba yana rugurgujewa, a sake sayen wani simintin.

Inda bango ba ya ɗauke da bene, ka duba tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin 100. Ɗakinsa ya fi na bulo sanyi a watan Afrilu, kuma hasumiyar Gobarau shaida ce cewa ginin ƙasa na daɗewa idan ana kula da shi. Sharaɗinsa shi ne a ɗaga harsashi da dutse ko kankare ya haura inda ruwa ke kwanciya, a kuma fito da bakin rufi sosai yadda ruwan indararo ba zai riƙa dukan bango ba.